Kafin Motar Kashe Gobara Ta Iso: Aikin Mai Gadi da Naka

Jama'a masu saurarenmu a Gadarif da Doka da Galabat, da 'yan'uwa na hayin iyaka a Matama: Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, saboda wanda yake daji da dabbobi ko yake kan hanya lokacin da aka watsa shi. Maganar ta masu kula da wuri ce: mai gadin sito, wanda a nan muke kira gafir, da mai masauki, da mai kula da zaribar dabbobi. Me ya kamata su yi in wuta ta tashi, ko iska ta taso, ko aka ji harbi? Kai kuma Alhaji da ka jibge buhunan riɗi a wurin, da kai Ardo da ka kwana da shanunka, mene ne naku?

Abin da Umm Rakuba ta koya mana

Duk mai jin Larabcin Sudan ya san rakuba rumfa ce ta itace da ciyawa. A shekarun 1980 wurin ya karɓi mutanen Habasha da yunwa ta koro. A watan Nuwamba 2020, da yaƙi ya ɓarke a Tigray, aka sake buɗe sansanin, kuma cikin 'yan watanni mutanen da ke ciki suka kai wajen 20,000. A Janairu 2021 aka buɗe na Tunaidba don a rage cunkoso. Da damina ta kawo kai a wannan shekarar, iska da ruwa suka lalata dubban tantuna a sansanonin biyu.

Ku da kuke bin hanyar kun san ƙasar nan. Baƙar laka ce, in ta sha ruwa ko lori sai ya kafe. Da rani kuma ciyawa da kara sun bushe ƙarau, sito ya cika da riɗi da dawa, ga jarkokin fetur a gefe. A irin wannan wuri motar kashe gobara ko ta asibiti tana iya ɗaukar sa'o'i kafin ta iso, alhali rumfar ciyawa mintuna kaɗan take ɗauka ta zama toka. Ashe ke nan taimakon farko yana hannun wanda ke wurin, kuma yawanci gafir ne da ƙaramar fitilarsa.

Shi ya sa ƙa'idar da ake bi wajen tsara sansanin 'yan gudun hijira ta ce a bar fili mai faɗin mita 30 bayan kowace mita 300 ta gidaje, a kuma bar aƙalla mita 2 tsakanin ɗaki da ɗaki. Fili ne da ake barin sa da gangan don wuta ta rasa abin ci. Kasuwa da zariba ma suna bukatar irinsa. In ka ga lungu a buɗe tsakanin rumfuna, kada ka ce ga banza ta faɗi ka jera kaya a ciki.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Mai wuri, tun kafin wani abu ya faru ka zaunar da ma'aikatanka ka raba aiki da suna. Wane ne zai buga ƙararrawa, wane ne zai buɗe ƙofa, wane ne zai yanke lantarki ko ya kashe janareta, wane ne zai kira hukuma, wane ne zai ƙirga mutane. In ka ce "kowa ya taimaka", kowa zai ruga wajen wutar, ƙofa ta zauna a kulle.

Ƙofar nan ita ce babbar magana. Tsoron ɓarawo yana sa a garƙame masauki da kwado da dare, mai makulli kuma ya tafi gida. A Maris 2021 gobara ta cinye dubban matsugunai a sansanin 'yan Rohingya da ke Bangladesh, kuma ƙungiyoyin agaji sun ce shingen waya da aka kewaye wurin da shi ya hana wasu tsira da wuri. Duk inda mutum zai kwana, makulli ya kwana a ciki, a wurin da kowa ya sani, kuma a samu mafita ta biyu.

Sauran kayan ba masu tsada ba ne. Tsohon ƙarfen tayar lori a rataye ya isa ƙararrawa. A ajiye bokitan yashi da durom ɗin ruwa a bakin ƙofa, da wuƙa a rataye kusa da turken dabbobi. A rubuta lambobin Difa'il Madani, wato masu kashe gobara, da na 'yan sanda da na Hilal Ahmar a jikin bango da manyan baƙi. Kada a dogara da waya kaɗai: kun tuna yadda layukan sadarwa suka ɗauke a Sudan a Fabrairu 2024. A san yaro mai babur da zai kai saƙo, a san inda zai kai shi. Sannan littafin baƙi. In gafir ya tambaye ka sunanka da yawan mutanen da ka zo da su, kada ka ɓata rai, Malam. Da wannan littafi za a san ko akwai wanda ya rage a ciki.

In wuta ta tashi

Abu na farko ihu da ƙararrawa. Mai gadi da yawa yakan yi shiru yana fama da wutar shi kaɗai, don gudun a ce sakacinsa ne, sai ta gagare shi sannan ya yi kururuwa. Mai wuri, ka gaya masa tun yau cewa ba za ka kore shi don ya ta da mutane ba.

Na biyu, a buɗe ƙofofi a fitar da mutane, a fara da yara da tsofaffi da marasa lafiya. A taru a fili ɗaya da aka riga aka zaɓa, ta ɓangaren da iska ke fitowa, domin hayaƙi ya bi can ya bar ku. In hayaƙi ya cika ɗaki, ka sunkuya ka rarrafa, iskar ƙasa ta fi tsabta. A Nijar, azuzuwan zana sun kama wuta a Yamai a Afrilu 2021, sannan a Maradi a Nuwamba, yara fiye da arba'in suka rasu a gobarar biyu. Ginin ciyawa ba ya ba mutum lokacin shawara.

Na uku, mai kira ya kira, mai ƙirga ya ƙirga. Sai bayan nan a fuskanci wutar, in har ƙarama ce kuma akwai mafita a bayanka. To, a nan sai an lura, domin ba kowace wuta ke son ruwa ba. Ta ciyawa da buhu da katako, a zuba ruwa. Ta fetur ko gas ɗin mota, ruwa yaɗa ta yake yi, yashi za a zuba. Ta lantarki, a yanke wutar tukuna. Ta man girki, a rufe tukunyar da murfi. In kuwa wuta ta kusanci tukunyar gas, a bar wurin a yi nisa. In rumfuna a jere suke, rushe ta gaba da ba ta kama ba ya fi watsa ruwa a wadda ta riga ta ci.

Wanda rigarsa ta kama, kada ya gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma a yi ta zuba mata ruwa mai tsabta, mai sanyi, har minti ashirin, a rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da kashin shanu.

Kaya su ne na ƙarshe. Na san da zafi, Alhaji, jarin shekara ne a cikin buhunan nan. Amma wanda ya fito, ya fito. In gafir ya tare ka a ƙofa, aikinsa yake yi.

Ardo, ga naka. Dabba in ta ga wuta ruɗewa take yi, wata ma sai ta juya ta koma garken da ta saba. Kada ka tsaya kwance igiya ɗaya bayan ɗaya, yanke ta. Ka buɗe zaribar ta ɓangaren da babu hayaƙi, ka kora su nesa, a rufe hanyar komawa, kuma kada a bi da su ta inda mutane ke fita. Harawa da kara a tara su nesa da turke da wurin kwana.

Iska da harbi: kowanne da nasa

Ƙararrawa ɗaya ba ta isa ba, domin abin da ake yi a gobara shi ne zai kashe mutum a lokacin harbi. A yi alamu daban, kowa ya san su. Wuta, a fita. Harbi, a zauna ciki, a kwanta ƙasa bayan bango mai kauri, nesa da ƙofa da taga, a kashe fitila. Kada a leƙa, kada a ɗauki hoto. Gafir ba soja ba ne. In masu makami suka nemi makulli, ya ba su, ya riƙe abin da ya gani a ransa, ya gaya wa hukuma daga baya. Mai wuri ya faɗa masa haka da bakinsa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, makamai sun yawaita a hanyoyi. Makiyayi ko yaro da ya ga wani ƙarfe da bai gane ba, kada ya taɓa, kada ya jefe shi. Ya koma ta sawunsa, a sa alama daga nesa, a sanar.

In hadari ya haɗo da iska, a fita daga ƙarƙashin kwanon da ba a ɗaure ba da rumfar da ta tsufa, a shiga gini mai ƙarfi. Buhuna a ɗora su kan katako, a share magudanar ruwa tun kafin watan Yuni, kuma kada a kwana da dabbobi a cikin kwari ko da ka gan shi a bushe.

Bayan ƙura ta lafa

A sake ƙirga mutane. A sa masu tsaro, domin a cikin masu taimako akan samu masu ɗiba. Mai kula da wuri ya rubuta a ranar: ƙarfe nawa abin ya fara, daga ina, wa ya fara gani, wa aka kira, me aka rasa. Kai ɗan kasuwa, takardar ajiyarka ta kasance a aljihunka, ko ka ɗauki hotonta a waya. In ta ƙone tare da kayan, gardama ce za ta biyo baya.

In an kama wani da zargi, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. A nan Bahaushe da Bafulatani da Balarabe da Bahabashe kasuwa ɗaya suke ci. Kalma ɗaya ta "su wane ne suka sa wutar" tana iya ƙetare iyaka kafin la'asar, ta rufe hanyar da kowa ke cin abinci da ita. Mutum ɗaya ya yi magana da sunan wurin, kuma ya faɗi abin da aka tabbatar kawai.

Saboda haka, gobe in ka sauka a masauki ko ka kai kaya sito, bayan gaisuwa ka tambayi baba mai gadi abu uku: ina makulli yake kwana, ina mafita ta biyu, ina ake taruwa? In ya amsa, ka saki jiki. In ya yi shiru, ku je wajen mai wurin tare. Mako mai zuwa za mu duba takardun ƙetare iyaka da dabbobi. Allah Ya tsare mu, Ya tsare dukiyarmu. A huta lafiya.