Ko Cajar Waya Za Ta Iya Cajin Kwamfutar Hannu Ba Tare Da Ɓarna Ba?

A yau ikilisiyoyi da yawa a karkara suna amfani da kwamfutar hannu, wadda ake ce wa tablet. Malaman ajin yaƙi da jahilci suna koyarwa da ita, ma'aikatan lafiya suna ajiye lissafin magani a ciki, masu bishara kuma suna saka wa jama'a karatun Littafi Mai Tsarki su saurara. Sau da yawa cajar da ta zo da ita takan ɓace ko ta mutu. Daga nan sai tambaya ta taso: in muka sa mata cajar waya, ba za ta ƙone ba?

Amsar ita ce, cajar waya mai kyau ba ta ƙona kwamfutar hannu. Cajin dai zai yi jinkiri. Haɗarin yana wajen caja ta jabu da wutar da ba ta tsaya daidai ba.

Karanta jikin caja

Kowace caja tana da ƙananan rubutu a jikinta. Nemi wurin da aka rubuta lamba da harafin V, da wata lamba da harafin A. Harafin V yana nuna ƙarfin turin wuta, harafin A kuma yawan wutar da cajar za ta iya bayarwa. Caja mai bakin USB tana ba da 5V, wayoyi da kwamfutocin hannu masu caji ta USB kuwa duk an yi su ne su karɓi wannan. Bambancin yana wajen A. Tsofaffin cajar waya yawanci 1A ne, na kwamfutar hannu kuwa 2A ko 2.4A. In ka ninka V da A za ka sami wat: 5V da 1A wat 5 ke nan, 5V da 2A wat 10.

Batirin kwamfutar hannu ya fi na waya girma, wani lokaci ya ninka shi. Mai cika randa da moɗa zai cika ta, amma zai daɗe fiye da mai bokiti. Batir mai 7000 mAh yakan ci awa shida zuwa bakwai ko fiye da caja mai 1A, amma mai 2A tana gamawa a kusan rabin wannan lokaci. In kana amfani da kwamfutar alhali tana kan ƙaramar caja, za ka iya ganin batirin bai ƙaru ba, ko ma yana raguwa. Ba lalacewa ta yi ba. Kashe ta gaba ɗaya, ka bar ta ta cika.

Haka nan babbar caja ba ta ƙona waya, domin na'ura tana jan abin da take bukata ne kawai. Sababbin caja masu bakin USB-C da ke iya ba da 9V ko fiye suna farawa da 5V, ba sa ƙarawa sai na'urar ta nema.

Inda haɗari yake

Wutar gida a Najeriya 230V ce. Aikin caja shi ne ta rage ta zuwa 5V, ta kuma raba tsakaninka da babbar wutar. Caja ta jabu ba ta da isasshiyar kariya a ciki. Tun da kwamfutar hannu tana jan duk ƙarfin ƙaramar caja na awoyi da yawa, ta jabu tana iya yin zafi ta narke, ta kashe na'urar, ko wuta ta ja mai riƙe da ita. Daina amfani da caja nan take in ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, ko tana ƙara, ko tana warin ƙuna, ko kuma fuskar kwamfutar tana tsalle-tsalle da kanta in ka taɓa.

Wasu tsofaffin kwamfutocin hannu suna da caja mai siririn baki zagayayye, kuma wasunsu 9V ne ko 12V. Kada ka sa irin wannan don kawai bakin ya shiga. Tabbatar lambar V ta yi daidai da abin da aka rubuta wa na'urar. Kada kuma a jona ta kai tsaye da batirin mota ko na babur, domin 12V ne.

Abin da ya kamata mu kiyaye

1. A bar janareto ya daidaita kafin a jona caja, a kuma zare ta kafin a kashe shi.
2. In an ɗauke wuta, a zare caja, sai wutar ta dawo ta zauna.
3. Kada a yi caji lokacin hadari da tsawa.
4. Kada a yi caji a kan katifa, ƙarƙashin matashi, ko cikin rana.
5. A canza igiyar da ta kece. Siririyar igiya ma tana rage gudun caji.
6. In bayan kwamfutar ya kumbura, batir ya lalace. Kada a huda shi, kada a sake caji, a kai wa mai gyara.

Masu kai caji shago su tafi da tasu cajar, su rubuta sunan ikilisiya a jikinta. In za a sayi sabuwa, a nemi mai 2A ko fiye a wurin ɗan kasuwar da aka amince da shi. Kuɗin caja mai kyau bai kai kusa da kuɗin sabuwar kwamfuta ba.

Kayan nan amana ne a hannunmu, domin da baikon 'yan'uwa aka saye su. Muna roƙon fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata su karanta wannan bayani ga jama'a bayan sujada, su kuma zaɓi mutum ɗaya mai kula da caja. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da aka damƙa mana. Amin.