Kafin a Kwance Inji, a Saurari Motar

Idan Hilux ko Land Cruiser ta ƙi tashi a daji, abin da ya fi ba direba tsoro shi ne a ce inji ya buga. Sau da yawa kuwa matsalar ba ta kai nan ba, kuma kunne ne zai fara gano ta. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, fitilun gaban direba suka dushe, to wuta ce ba ta isa ba. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, amma ko da lafiyarsa ƙalau, girgizar hanya mai gargada kan sassauta kawunansa, farin garin nan ya taru a kansu ya tare wuta. A kankare, a ɗaure tamau.

In kuwa injin na juyawa amma bai kama ba, a koma kan mai. Injin dizal ba ya jure iska a bututunsa, ga man jarka da kan zo da ruwa da yashi ya toshe filta. A tsiyaye ruwan, a yi ta danna famfon da ke kan filtar har ya yi tauri. Wani zai ce a tura ta kawai, a huta. Turi yana ceton mai raunin batir, amma ba ya kai mai inda bai isa ba, kuma wa zai tura mota cikin rairayin Agadas? Masu cewa motocin zamani sai da kwamfuta suna da gaskiyarsu, sai dai ita ma kwamfutar motar da wutar batirin take aiki. Kada dai a wuce daƙiƙa 15 ana murɗa makulli, don sitata na iya ƙonewa.