Adabin Turawa da Sauyin Yanayi a Jami'a

Ɗalibai, idan kuka shiga sashen adabi a wasu jami'o'in Amurka da Ingila, za ku tarar ana nazarin sauyin yanayi. Dalili shi ne, masanin kimiyya yana auna zafi da ruwan sama, marubuci kuwa yana nuna halin da mutane ke shiga.

Ga misali, a 1939 John Steinbeck ya wallafa The Grapes of Wrath. Labarin manoman Oklahoma ne, waɗanda fari da guguwar ƙura da bashin banki suka raba da gonakinsu, suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya neman aiki. A 1962 kuma, J. G. Ballard ya fitar da The Drowned World, inda ƙanƙara ta narke, ruwa ya cinye birnin Landan. Ballard ya ɗora laifin kan rana, amma marubutan yau sukan ɗora shi kan hayaƙin masana'antu da motoci.

A aji, malami kan tambaya: Me ya jawo bala'in? Wa ya fi shan wahala? Ku ma ku riƙa yin waɗannan tambayoyi duk lokacin da kuka karanta labarin fari ko ambaliya.