Gyambon Ciki Idan Ya Huje

Daga cikin cututtukan da jama'a suka saba da su har suka daina jin tsoronsu akwai gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, alhali kuwa yana da wata mummunar aƙiba wadda ba kowa ya san ta ba. Asalinsa miki ne a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, wanda in ya daɗe yana ci ba magani, yana iya huda bangon, ruwan tsamin da Allah Ya halitta domin narkar da abinci ya kwarara cikin kogon ciki yana ƙona duk abin da ya taras.

Bisa ƙiyasin masana ɗibbu, cikin mutum 100,000 akan sami 4 zuwa 14 da wannan musiba ke auka wa a shekara, adadin da za a ce kaɗan ne, in ba don cikin kowane 100 da ta auka wa, 10 zuwa 30 sukan riga mu gidan gaskiya ba. A Turai galibinsu tsofaffi ne, amma a ƙasashenmu na Afirka an fi ganinta ga maza majiya ƙarfi.

An daɗe ana ɗora laifin gyambon a kan yunwa da yaji da yawan tunani, har zuwa 1982, lokacin da likitoci biyu na birnin Perth a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka tsamo ƙwayar cutar da ke haddasa shi, mai suna Helicobacter pylori, daga tumbin majinyata, binciken da ya jawo musu lambar Nobel a 2005. Sababi na biyu shi ne magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ɗan dako ko manomi kan tsaya kemis da almuru ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, ya haɗiye ba komai a cikinsa, bai san suna zaizaye majinar da ke kare bangon tumbi ba. Taba sigari da giya da tsufa duk suna ƙara haɗarin.

Alamar hujin ba ta ɓuya: azababben ciwo farat ɗaya a saman cibiya, ciki ya sandare kamar allo, majinyaci ya kwanta cik yana gumi domin ko motsi azaba ne. Sai dai bayan 'yan sa'o'i zafin yakan lafa, iyali su yi hamdala su nemo jiƙo, alhali a lokacin ne ruɓa take yaɗuwa. Wani bincike na ƙasar Denmak a 2013 ya nuna cewa kowace sa'a guda ta jinkirin tiyata tana rage damar tsira da fiye da kashi 2 cikin 100.

Aikin kuwa sananne ne tun 1937, sa'ad da likita Roscoe Graham na Kanada ya bayyana yadda ake toshe hujin da tantanin kitsen ciki. Saboda haka wajibi ne mai olsa ya nemi gwajin ƙwayar, ya sha maganinta har ƙarshe, ya kuma shawarci likita kafin Ramadan, tunda shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. In kuwa ciki ya sandare, kada a jira wayewar gari, a nufi asibitin da ake tiyata.