RASHIN TIMIN: ABIN DA KE CUTA, SHI KE MAGANI

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace irin ƙwaya akwai ƙunshi 46 da ake kira kuromozom, cikinsu kuma wani dogon zare ne a naɗe, mai suna DNA, wanda ke ɗauke da gadon iyaye. Da sinadari huɗu ake saƙa shi: adenin, guwanin, sitozin da timin. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, sai ta saƙa sabon zare. To, in timin ya ƙare fa?

A shekarar 1954, a birnin Filadelfiya na Amurka, Seymour Cohen da Hazel Barner suka hana wa wasu ƙwayoyin bakteriya timin, amma suka ba su sauran abinci. Ƙwayoyin suka yi ta tsawo, suka kasa rabuwa, kana suka mutu. Alhali in wani abincin aka hana musu, tsayawa kawai suke yi, su jira.

Masana sun gano cewa in ƙwayar jikin mutum ta rasa timin, sai ta sa wani sinadari mai kama da shi, urasil, a gurbinsa. Masu gyaran zare su cire shi, su rasa abin cikewa, a sake mayar da urasil. Garin cirewa da mayarwa sai zaren ya tsinke, kuromozom ya karye.

Likitoci sun mai da wannan makami. Ƙwayoyin ciwon daji ba su hutawa da rabuwa, saboda haka aka samo magunguna masu hana su timin, kamar metotireksat da fuluworo-urasil, wanda Charles Heidelberger ya fito da shi a 1957. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: lafiyayyun ƙwayoyin jini, na hanji da na gashi su ma suna jin jiki. Shi ya sa sai da kulawar likita ake ba da su.

Jiki ba ya iya ƙera timin sai da bitamin folat. Wanda ya rasa ta yakan kamu da ƙarancin jini, mace mai ciki kuma jaririnta na iya zuwa da lahani a ƙashin baya. Folat tana cikin wake, gyaɗa, hanta da ganye irin alayyafo. Tana kuma cikin ƴan ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mata wurin awon ciki. Wajibi ne maigida ya tabbata an sha su, ba a bar su cikin kwano ba.