Abin Da Aka Rubuta A Bulokcen Ba Ya Gogewa

Samarinmu masu zane da kwamfuta a Lafia da sauran garuruwa sun sha jin labarin kasuwar NFT, watau takardar shaidar mallakar hoto wadda ake rubutawa cikin wani kundi na intanet da ake kira bulokcen. Labarin ya bazu ne cikin watan Maris na 2021, sa'ad da kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da zanen wani Ba'amurke, Beeple, a kan dala miliyan 69. A watan Oktoba na wannan shekara kuma aka yi gwanjon zane-zanen Osinachi, ɗan Nijeriya haifaffen Aba, a London.

To, daga baya kasuwa ta faɗi, har waɗansu masu zane suna tambaya, shin mutum yana iya share abin da ya sa? Amsar ita ce ba ya iyawa, domin kundin ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Dubban na'urori a ƙasashe dabam-dabam kowace tana riƙe da kofinsa, ba kuwa wanda ke da ikon yage shafi.

Abin da ake yi shi ne ƙonawa. Mai takarda yakan aika da ita zuwa wani adireshi wanda babu mai mabuɗinsa, daga nan ba ta sayuwa har abada. Amma tarihinta yana nan, kowa yana iya ganin ranar da aka yi ta da hannun da ta bi. Har ila yau, wadda mutum ya riga ya sayar ta fita daga ikonsa, sai mai ita ya ga dama.

Mai zanen nan na Ingila, Damien Hirst, ya gwada wannan. Cikin 2021 ya sa zane 10,000 a kasuwa, kowane da takardarsa ta NFT, ya ce mai saye ya zaɓi ɗaya. An zaɓi zanen hannu 5,149, aka ƙone takardunsu. Sauran 4,851 kuwa, shi da kansa ya fara cinna wa zanen wuta a watan Oktoba na 2022.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai saye ya sani. Galibi hoton kansa ba ya cikin kundin, yana ajiye ne a wata na'ura dabam, takardar tana nuni ne kawai zuwa gare shi. In masu na'urar suka rufe, sai a bar mutum da takardar fili babu fili.

Saboda haka, jama'a, kafin a sa hoton iyali, ko fuskar wani, ko zanen da ba naka ba, a yi tunani tukuna. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.