Lissafin Abubuwa Masu Juyi

Jama'a, duk abin da ke juyawa, tun daga mazarin mai kaɗi har zuwa injin da ke ba gari wuta, doka guda yake bi. Tushenta dokar motsi ce wadda Niyuton ya wallafa a 1687, sa'an nan Euler ya shimfiɗa ta a kan abubuwa masu juyi cikin littafinsa na 1765. Kafin a yi aiki da ita, lalle ne ɗalibi ya rarrabe abubuwa uku.

Na farko shi ne ƙarfin murɗi, watau ƙarfin da aka sa, a ninka shi da nisansa daga cibiyar juyi. Shi ya sa makaniki kan ƙara wa sifana bututu in noti ya ƙi kwancewa. Na biyu taurin juyi, watau turjiyar da abu ke yi sa'ad da ake son sauya masa sauri. Wannan bai dogara ga nauyi kaɗai ba, har da inda nauyin ya zauna. Na uku saurin juyi, wanda ake aunawa da radiyan a daƙiƙa. Kewaye guda radiyan 6.28 ne. Dokar kuwa ita ce: a raba ƙarfin murɗi da taurin juyi, abin da ya fito shi ne ƙaruwar sauri a kowace daƙiƙa.

Alal misali, ga faifan ƙarfe na injin niƙa mai nauyin kilo 40, daga cibiyarsa zuwa baki mita 0.5, bel yana jan bakinsa da ƙarfin niyuton 60. Mu bar gogayya a gefe. Ƙarfin murɗi: 60 × 0.5 = 30. Taurin faifai shi ne rabin nauyinsa, a ninka da nisan har sau biyu: 20 × 0.5 × 0.5 = 5. Ƙaruwar sauri ke nan 30 ÷ 5 = 6. Bayan daƙiƙa 10 da tashi, sauri ya kai radiyan 60 a daƙiƙa, watau kewaye wajen 573 a minti.

To, da a ce an tattara wannan kilo 40 duka a bakin faifan, da tauri ya zama 10, sauri kuma 30 kacal. Amma in ya kai saurin na farko, ƙarfin da zai ajiye ninki biyu ne, kuma da shi inji ke jurewa sa'ad da aka antaya masa hatsi. Dalili ke nan da maƙeran inji ke kaurara baki su rage tsakiya.

Saboda haka ma'aikacin da ke sayo wa hukuma inji kada nauyi kaɗai ya ruɗe shi. Ɗalibi kuma ya kiyaye: wanda ya sa faɗin faifai duka a maimakon rabinsa, tauri zai fito masa ninki huɗu, lissafi duka ya rushe.